Tsibiri na Huɗu a Bangon Fadan Kagoma

Bangon farko da aka bar ni na taɓa da buroshi na wata makarantar mishan ne a hanyar Samaru Kataf, kuma abin da aka ba ni teku ne kawai. Kwana biyu ina shafa shuɗi daga sama har ƙasa. Maigidana Baba Gaiya yana zaune a kan gwangwanin fenti yana kallona har na gama, sannan ya ce in sake, wai tekuna ya yi dabbare-dabbare kamar jikin mai ƙyasbi. To ku da kuke shigowa shagon nan kuna cewa zanen taswira ba aiki ba ne, inji ma yana fitar da ita kafin a sha kofin shayi, ku samu wuri ku zauna. Ni Zakka na yi shekara biyu ina shafa teku kafin a yarda in taɓa ƙasa ko ɗaya.

Baba Gaiya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya koyi riƙe buroshi, yana rubuta lambobi a jikin taragu. Da ya ajiye wannan aiki sai ya koma bangon makarantu, domin a lokacin duk hedimastan da ya san kansa yana son a ga taswirar Afirka a jikin ajinsa tun daga bakin hanya. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai littafin taswira, tsoho, shafinsa an ja masa layuka da fensir an raba shi gida-gida. Akwai dogon zare da ake turmusawa cikin garin bula, mutum biyu su ja shi a jikin bango, a ɗaga tsakiyarsa a saki, ya bar layi miƙaƙƙe. Haka za a yi ta yi har bangon ma ya zama gida-gida. Abin da ke cikin gida ɗaya a littafi, shi za ka kwashe da gawayi ka zuba a gida ɗaya a bango. In ka ɓata lissafin gida ɗaya tak, sai ka ga Misira ta faɗa cikin ruwa. Sai tsani, da kananzir na wanke hannu da tsinka fenti, da buroshi uku: babba na teku, matsakaici na ƙasashe, da ɗan siriri na rubuta sunaye.

Kada ku taɓa yarda da sabon bango. Siminti in bai gama bushewa ba yana shan fenti, bayan wata biyu kuma ya tofar da shi, ka zo ka tarar da Sudan tana ɓarewa kamar ɓawon rogo. Tafin hannu ake ɗorawa da sassafe, in ka ji sanyi-sanyi ka tattara kayanka ka dawo wani mako, ko da hedimasta zai yi ta kumfar baki. Na ga masu fenti da yawa da kunyar hedimasta ta kashe musu suna.

Mu biyu ne a hannun Baba, ni da Bulus Didam. Rana ɗaya muka fara, kuma tun daga ranar nake masa baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba, na tsufa da ɓoye-ɓoye. Ni a aji huɗu na bar makaranta, shi ya gama firamare har ya leƙa sakandare. Hannunsa ba ya rawa. In yana jan gaɓar teku daga Legas zuwa ƙasan Afirka, numfashi ɗaya yake yi, ni kuwa sai na tsaya sau uku na goge. Yana da ƙaramar rediyo da yake rataye ta a jikin tsani, yana da yaya da ke karatun shari'a a Zariya yana aiko masa da tsofaffin jaridu. Abin da ya fi ci mini rai, bai taɓa yi mini gori ba. Da yana da girman kai da na samu abin kamawa. Ranar da Baba ya sallame mu, ni ya ba ni tsohon littafin taswira, Bulus kuma ya ba shi siririn buroshin nan mai jan ƙota. Mutane suka ce ai ni na samu babban gado. Ni na san wanda Baba ya fi yarda da hannunsa.

Dokar launi a wurin Baba mai sauƙi ce. Ƙasar da ke hannun Turawa launin maigidanta take sawa: ta Ingila ja, ta Faransa shunayya, ta Fotugal kore. Ƙasar da ta samu 'yanci sai a ba ta nata launi, kada dai ya zama ɗaya da na maƙwabciyarta. Tsibirai kuma yana da tasa doka. Madagaska babba ce, dole a zana. Sauran kuwa, duk wanda bai kai ƙwayar wake ba a littafi, a bar shi. Yakan ce daga bakin hanya wa zai gan su, kuma yaron Kagoro ko na Zonkwa me ya haɗa shi da dutsen da ke tsakiyar ruwa. Ni na riƙe wannan doka hannu bibbiyu, domin ta rage mini aiki.

Shekarar 1975 ita ce mummunar shekarata. Na gama wani bango a bayan Zonkwa, kyakkyawa, na shafe Mozambik da kore yadda littafi ya ce. Fenti bai gama ƙamshi ba hedimasta ya aiko in zo, wai taswirata ƙarya take koya wa yara, Mozambik ta samu 'yanci. Na hau keke na je na gyara. Kafin ƙarshen shekara Angola ma ta fita daga hannun Fotugal, ya sake aikowa. Dahome kuma ta tashi ta canja suna. Kai jama'a! Kamar dai ƙasashen nan sun haɗa baki ne a kaina. Kowane hedimasta gani yake laifin mai fenti ne, gyara kuma ba a ɗauke shi sabon aiki ba. Shekarar nan na fi yin gyara fiye da zane, har aka fara cewa taswirar Zakka ba ta kai Kirsimeti. Bulus kuwa rediyonsa na gaya masa tun kafin abu ya faru. Ƙasar da ya ji tana gab da fita, sai ya ba ta launinta tun da wuri. Ba wanda ya taɓa aika masa ya zo gyara, ina ji ina gani hedimastocina suna komawa wurinsa ɗaya bayan ɗaya.

Shekarar da ta biyo baya gwamnati ta ce kowane yaro zai shiga makaranta kyauta, aka shiga gina azuzuwa ko'ina, har ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Mai duba makarantu na yankinmu, Mista Yashim, ya ce yana son taswira iri ɗaya, hannu ɗaya, a duk sababbin makarantun. Mutum ɗaya za a ba. Ya kira mu mu biyu ya ce akwai sabuwar makaranta kusa da Fadan Kagoma mai gini biyu, kowa ya ɗauki bango ɗaya, mako biyu, zai zo ya gani ya zaɓa. Na san in na rasa wannan aikin na gama yawo a sana'ar nan, sai dai in koma gida noman citta.

Muka sauka a gidan hedimasta, ɗaki ɗaya, tabarma biyu. Al'adarmu ce in ana aiki a kafa zana a gaban bango, kada a ga taswira tsirara kafin ta gama sa kaya, saboda haka ba wanda ke ganin na wani. Na zuba duk abin da na iya a bangon nan. Tekuna ya fita sumul. Sunaye na rubuta su sau uku-uku a takarda kafin in kai su bango. Amma kullum da yamma in muna cin tuwon acca, sai in ga Bulus ya jawo wani sabon littafin taswira da yayansa ya aiko masa yana dubawa. Sau ɗaya ya miƙo mini ya ce in duba in ina so. Na ce masa littafin Baba ya ishe ni.

Ranar Lahadi ta ƙarshe kowa ya shirya zuwa sujada a coci. Bulus yana cikin masu waƙa duk cocin da ya je, don haka ya riga kowa fita. Ni na ce cikina ke murɗawa. Da na ji an ɗauki waƙar farko, na ɗauki zarena na zagaya bayan zanarsa. Ubangiji ya gafarta mini, ranar hutu ce kuma ƙarya na yi.

Na daɗe tsaye a gaban bangon nan. Ya fi nawa kyau, ba sai an gaya mini ba. Amma abin da ya tsaya mini a ido shi ne tekunsa ba fanko ba ne kamar nawa. Ya sa tsibirai. A tsakanin Madagaska da gaɓar Mozambik akwai ɗigo huɗu, kowanne bai fi kan yatsa ba, an rubuta Komoros a gefensu da siririn buroshin nan. Uku ya shafe su da rawaya. Na huɗun, na can ƙasa, ya zagaye shi da baƙin layi ya bar cikinsa fari. Na ce a raina, ashe kai ma kana mantuwa. Na auna su da zare daga bakin Madagaska, na ƙulla ƙulli a wurin kowanne, na ruga bangona na sauke su daidai. Don kada a ce na kwaikwaya sai na canja launi, na ba su ruwan lemo. Kuma duka huɗun na shafe, ina murna na gama abin da shi ya manta. Kafin a tashi daga coci na wanke buroshi na koma kan tabarma ina nishi.

Ranar Talata Mista Yashim ya iso a kan babur. Dogo ne, tsohon malamin tarihi, mutumin da in ya fara maganar mulkin mallaka sai jijiyar wuyansa ta tashi. Hedimasta da malamai da fasto da wasu dattawan gari suka taru, aka yaye zana. Ya fara da bangon Bulus. Ya bi gaɓar teku da sandarsa yana gyaɗa kai. Da na ga zai wuce bai lura ba, bakina ya ƙi haƙuri. Na ce, kamar da wasa, ai ɗan'uwana bai gama ba, ga wani ɗigo can ya bari babu fenti.

Mista Yashim ya dawo ya sa tabarau ya tambayi Bulus dalili. Bulus ya ce ba mantuwa ba ce. Ya ce tsibiran nan huɗu duk Faransa ce ke mulkinsu a matsayin ƙasa ɗaya. Da aka tambayi mutanensu ko suna son 'yanci, uku suka ce suna so, na huɗun mai suna Mayot yawancin mutanensa suka ce su a bar su da Faransa. Sabuwar ƙasar ta ce huɗu ne nata, Faransa kuma ta ci gaba da zama a na huɗun. Ya ce yayansa ya bayyana masa cewa a dokar ƙasa da ƙasa magana biyu ce ke jan juna a nan. Ɗaya ta ce ƙasar da aka mallaka, in za a sake ta, a sake ta dunƙule da iyakokinta, ba a gutsure wani yanki a riƙe. Ɗayar kuma ta ce mutane su ke da ikon zaɓar wanda zai mulke su.

"Yallaɓai, ni mai fenti ne, ba alƙali ba," in ji Bulus. "In na sa rawaya na yanke hukunci, in na sa shunayya ma na yanke. Shi ya sa na bar shi fari, malami ya gaya wa yara ana gardama a kansa."

Wallahi ko ni sai da maganar ta shige ni. Na ce shi ke nan, na haƙa rami da bakina. Amma da na dubi fuskar Mista Yashim sai na ga ta ɗaure. Ya ce shi bai yarda a bar fari ba. Ya ce in aka yarda mai mulkin mallaka ya riƙa ƙirga ƙuri'a tsibiri-tsibiri, gobe zai ƙirga ta gari-gari, duk inda ke da abin da yake so ya yanke ya ajiye. Ya ce mu a nan mun san yadda ake zama a nesa a ja layi a takarda a ce ku na wane ne, ba a tambayi kakan kowa ba. Dattawa suka yi gyaran murya. Mista Yashim ya juya fuu ya nufi bangona, ya kai sandarsa kai tsaye kan ɗigo huɗun nan masu ruwan lemo, ya buga ta sau biyu.

"Ga wanda ya san abin da yake yi," ya ce. "Zakka, gaya musu dalilin da ya sa ka ba su launi ɗaya."

Kun taɓa tsayawa a saman tsani kuka ji ƙafarsa ta zame? Duk idanu suka dawo kaina. Ni da ko sunan tsibirin ban taɓa ji ba sai minti biyar da suka wuce. Na buɗe baki, na ce, to, Yallaɓai, wato, na sake cewa wato. Da an ƙara ɗan lokaci kaɗan da kowa ya gane.

Bulus ne ya yi magana. Ya matso kusa da ni ya ce Zakka ba mai yawan surutu ba ne, hannunsa ke magana, amma abin da bangonsa ke cewa a fili yake. Sai ya ɗauki ɓangaren da ba nasa ba ya jera shi tiryan-tiryan: cewa ranar da Faransa ta haɗa tsibiran tana mulki, huɗu ta haɗa, to ranar saki ma huɗu za ta saki. Cewa ƙuri'ar ta ƙasa ɗaya ce, a dunƙule ya kamata a ƙirga ta. Cewa ƙasashen Afirka sun tsaya a kan a bar iyakoki yadda aka gaje su, don kada kowa ya tashi da wuƙarsa. Ya fi Mista Yashim kansa iya faɗar maganar. Fasto yana gyaɗa kai, ni ma ina gyaɗa kai kamar ni na aike shi. A nan take Mista Yashim ya ce hannun Bulus ya fi kyau, wannan ba gardama, amma taswirar makaranta ba ado ba ce, ni zai ba aikin.

Za ku ce ai sai murna. Ban yi ba. A tsaye nake ana miƙo mini hannu, abin da ke cina shi ne ko a ranar da na kayar da shi, shi ya san dalili ni ban sani ba, kuma shi ke da zuciyar da za ta ɗaga wanda ya tona masa asiri. Ban taɓa jin ƙyashinsa kamar na ranar ba.

Da jama'a suka watse muna naɗe zana, ya zo ya tsaya a gaban bangona yana kallon ɗigon nan. Ya ɗora yatsa biyu a gefensu. Ya yi magana a hankali yadda ba mai ji sai ni.

"A bangona akwai tsaga daidai inda ya kamata su zauna, shi ya sa na matsar da su yatsa biyu zuwa gabas. Naka bangon ba shi da tsaga, Zakka."

Ya shiga ɗaki ya fito da sabon littafin nan ya miƙo mini, ya ce in riƙe, aikin da ke gabana ya fi nasa buƙatarsa, in auna su daga tushe. Na dubi littafin. Hannuna har ya motsa. Amma karɓarsa tana nufin na ci aikinsa, na ci bakinsa, ga shi kuma zan ci littafinsa. Na ce masa na gode, littafin Baba ya ishe ni. Ya mayar da shi cikin jaka, ya ɗaure tsaninsa a keke. Kafin damina ta faɗi ya tafi Kaduna, ya samu aiki a ofishin masu auna ƙasa, ya yi gida a Sabon Tasha. Bai sake hawa bango ba, kuma har ya rasu bai gaya wa kowa abin da na yi ba.

Ni kuwa shekara uku ina yawo da keke daga wannan ƙauye zuwa wancan. Duk makarantar da na je sai wani malami ya tambaye ni ɗigo huɗun nan, domin Mista Yashim ya baza labari cewa Zakka masanin dokar ƙasashe ne. Sai in gyara tsayuwa in zuba musu maganar Bulus kalma bayan kalma, har da inda yake ɗan dakatawa ya ja numfashi. Littafin Baba ba shi da tsibiran a inda zan iya aunawa, fensir da yatsu sun cinye wurin tun da daɗewa. Ma'aunin da nake da shi kawai zaren nan ne mai ƙulli huɗu, kuma in gyara shi da ka ina tsoron in ƙara ɓatawa. Da shi na yi kowane bango. Duk yaron da ya koyi inda Komoros take a jikin taswirata, daga Kagoro har Kwoi, ya koye ta yatsa biyu gabas da inda Allah ya ajiye ta, saboda tsagar da ke bangon Bulus.